Nassarawa GRA a Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi Game da Unguwar, da Amsoshinsu

Masu neman haya, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kano, da ɗaliban tarihi, har da 'yan cikin gari da suka taso suna jin ana cewa "can GRA", kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi game da Nassarawa. Ga su nan an tattaro, an fara da masu sauƙi.

Wace Nassarawa ake nufi, kuma a ina take?

Ba jihar Nasarawa mai hedikwata a Lafiya ba, ba kuma unguwar Nasarawa ta Kaduna ba. Wannan tana birnin Kano, a wajen ganuwa, gabas da tsohon birni. Idan ka fito daga cikin gari ta Ƙofar Nassarawa, ka wuce gadar saman da aka gina a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, ka miƙe kan titin State Road zuwa Gidan Gwamnati, to ka shigo ta.

Ta arewa tana maƙwabtaka da Bompai, ta gabas da Giginyu da Badawa har zuwa hanyar Hotoro, ta kudu kuma da Tarauni da Farm Centre. Manyan titunan da suka ratsa ta su ne na Ahmadu Bello da na Audu Baƙo, sai titin Alu da na Sakkwato da ƙananan layuka da yawa da ke ɓullewa daga jikinsu.

Ita ce ƙaramar hukumar Nassarawa?

A'a. Suna ne ya zo ɗaya, amma ƙaramar hukumar ta fi unguwar girma nesa ba kusa ba. Hedikwatarta tana Bompai, mazaɓunta 11 ne, cikinsu har da Gama da Gwagwarwa da Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Tudun Murtala da Giginyu da Hotoro ta Arewa da ta Kudu. A ƙidayar 2006 an samu mutum 596,669 a cikinta, mafi yawansu a unguwannin talakawa masu cunkoso. Saboda haka idan mutum ya ce maka shi ɗan Nassarawa ne, kada ka ɗauka lallai a gidan mai lambu yake kwana.

Turawa ne suka kafa ta?

Su suka shata tituna, amma ba su suka fara zama ba. Tun kafin zuwansu akwai gandun Sarkin Kano da gidansa na hutawa a Nassarawa, irin waɗanda sarakuna suke da su a Fanisau da sauran wurare a kewayen birni. Wuri ne na noma, da bayin sarki da barorinsa masu kula da shi.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka ci Kano, alhali Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Gwamna Lugga ya naɗa Abbas sarki. Turawa ba su so zama a cikin ganuwa ba, suka koma gabas da birni, suka kafa barikinsu tsakanin Nassarawa da Bompai. Razdan na farko, wato babban jami'in Turawa mai kula da lardi, shi ne Dakta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma saboda shi ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma ya tura hakimai su koma zama a ƙasashensu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka biyo baya, sai wajen gari ya fara cika. Nassarawa ta zama mazaunin Razdan da manyan jami'an mulki.

Me GRA ke nufi, kuma me ya sa aka ware ta daban?

A farko sunanta yankin da aka keɓe wa Turawa. Da aka doshi samun mulkin kai sai aka sauya sunan zuwa yankin da gwamnati ta keɓe, wanda a taƙaice ake kira GRA. Tsarin Lugga, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da suka bayar ita ce zazzaɓin cizon sauro, wai sauron da ya ciji yaran 'yan ƙasa kada ya kai ga Bature.

Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin kuku da boyi da gadina da mai kula da doki duk a bayan gidan Baturen suke kwana, a 'yan ɗakunan da har yau muke kira boyis-kwata. Wariya ce tsagwaronta. Haka aka jera Kano a wancan zamani: Kanawa a cikin birni ƙarƙashin sarki, baƙi Hausawa da Buzaye a Fagge, Kwarori a Fagge ta Kudu inda Kantin Kwari yake a yau, mutanen Kudu a Sabon Gari, Turawa kuwa a Nassarawa da Bompai. Mutumin gari ba ya shiga unguwar sai da dalilin aiki ko kira.

Abin da wannan tsari ya bari, wanda har yanzu shi ake saye da tsada, shi ne manyan filaye, da tituna masu faɗi, da itatuwan darbejiya da maɗaci da mangwaro da aka jera a bakin hanya. Abin da ke faruwa da su a yau yana cikin amsar tambayar da ta shafi yanka filaye, can ƙasa.

Wane ne Ɗan Hausa, kuma me ke cikin gidansa?

Hanns Vischer ke nan, haifaffen ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara shigowa Arewa tare da 'yan mishan, daga baya ya koma aikin gwamnatin Ingila. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari. Hausar da ya iya da yadda ya saje da mutane su suka jawo masa wannan laƙabi. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewacin Najeriya, a nan Nassarawa.

Makarantar tana da ajin malamai waɗanda za su koma su koyar, da sashen 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a irin su dukanci da kafinta da ƙira. Da Hausa ake karatu, ana rubutu da baƙaƙen boko, ana kuma koyar da lissafi da labarin ƙasa da tsafta, ba a taɓa addinin yara ba. Ɗalibai sun zo daga masarautu daban-daban na Arewa, waɗanda suka gama kuma su suka zama malamai a makarantun larduna da aka buɗe daga baya. Duk mai karanta Hausar boko a yau yana da alaƙa da wannan wuri, ko ya sani ko bai sani ba.

Gidan da ya zauna yana nan a tsaye, kusa da titin Sakkwato, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ginin ƙasa ne irin na magina Kanawa, da zankwaye a kan soro da zane a fuskar bango. Ka shiga da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke turiri a waje, za ka tarar da sanyi a ciki ba tare da fanka ba, saboda kaurin bango da tsayin rufi. Akwai kayan tarihi da tsofaffin hotuna da aka adana. Malaman firamare da sakandare na Kano ya kamata su riƙa kai yara, domin da yawa daga cikin masu wucewa ta ƙofarsa kullum ba su taɓa leƙawa ba.

Mene ne matsayin Gidan Sarki na Nassarawa?

Shi ne tushen unguwar, kamar yadda aka faɗa a amsa ta uku. Ƙaramar fada ce, kuma a cikinta maƙabartar sarakunan Kano na bayan zuwan Turawa take. A nan aka binne Sarki Abbas da Sarki Abdullahi Bayero, a nan kuma aka kai Sarki Ado Bayero ranar da ya rasu, 6 ga Yuni 2014, bayan shekara 50 da ɗoriya a kan gadon sarauta.

Sunan gidan ya karaɗe kafafen labarai a watan Mayu 2024. Majalisar dokokin jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan sarauta, ya shiga Gidan Rumfa. Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a Maris 2020, ya dawo Kano ya sauka a Gidan Nassarawa, magana kuma ta tafi kotu. Ga mazauna unguwar, abin da ya biyo baya shi ne ƙarin jami'an tsaro da shingaye a kan hanyar da ta bi ta gaban gidan.

Me ya sa ake Hawan Nassarawa?

Asalinsa ziyarar barka da Sallah ce da sarki yake kai wa Razdan a zamanin Turawa. Da Razdan ya tafi, gwamna ya gaji wannan ziyara. Ana yin sa da safe, washegarin Hawan Daushe. Sarki yana fitowa da hakimai da 'yan lifida da dogarai da 'yan bindiga, ya tsaya a Gidan Nassarawa ya yi wa magabatansa addu'a, sannan ya wuce Gidan Gwamnati. Can ake jawabai, sarki ya faɗa wa gwamna abin da ke damun talakawa, gwamna ya mayar da jawabi. Daga nan sai a zaga ta unguwannin waje, ta Sabon Gari da Fagge, don waɗanda ba 'yan cikin birni ba su ma su ga sarkinsu su kai gaisuwa.

Wannan ita ce rana guda a shekara da titunan GRA, waɗanda suka saba da shiru, suke cika da ƙura da kiɗan tambari da algaita, yara a kan katangu da rassan darbejiya. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a Disamba 2024. Abin baƙin ciki, tun daga Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun sha dakatar da hawa saboda rikicin sarautar da aka ambata a sama. Wanda zai taso daga nesa don kallo, ya fara sauraron sanarwa.

Yaushe 'yan ƙasa suka fara zama a ciki?

A hankali abin ya zo, daga shekarun 1950, lokacin da 'yan Arewa suka fara hawa manyan muƙaman da Turawa ke riƙe da su, suna gadon gidajen da ke tafiya da muƙamin. Babban sauyi ya zo da ƙirƙiro jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967. Gwamna na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, ya yi mulki har 1975, kuma sabuwar jiha tana buƙatar ofisoshi da gidajen kwamishinoni da manyan sakatarori da alƙalai. Sakatariyar da ke ɗauke da sunansa, inda majalisar dokoki da babbar kotun jiha suke, tana bakin unguwar ta ɓangaren birni.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo rukuni na biyu, wato 'yan kasuwa da 'yan kwangila da manyan sojoji da suka samu filaye suka yi nasu ginin. Daga baya gwamnatoci suka riƙa sayar da tsofaffin gidajen gwamnati ga waɗanda ke ciki ko ga wasu. Katangar launin fata ta faɗi, ta kuɗi ta maye gurbinta.

Daga ina sunayen titunan suka fito?

Yawancinsu na sarakuna ne da sarautu. Akwai titin Sulaiman Crescent, sunan sarkin Fulani na farko a Kano, da na Ibrahim Dabo, da na Abdullahi Bayero. Akwai Magajin Rumfa da Matan Fada da Dawaki da Lamiɗo da Sultan. Tukur da Alu, waɗanda suka gwabza a yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893, kowannensu yana da titi a unguwa ɗaya. Shi Alu ma, Turawa ne suka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926, ga shi yau ɗaya daga cikin manyan titunan tsohuwar unguwar Turawa sunansa yake amsawa.

Waɗanne fitattun mutane ne suka zauna a Nassarawa?

Bayan Razdan-Razdan da Ɗan Hausa, duk wanda ya mulki jihar Kano a nan ofishinsa yake, daga Audu Baƙo da Sani Bello zuwa Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo da Kabiru Gaya, har zuwa Kwankwaso da Shekarau da Ganduje da Abba Kabir Yusuf.

Cikin waɗanda suka yi gidan kansu, babu kamar Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule. Ya riƙe ministan ma'adinai da lantarki a Jamhuriya ta Farko, ya shugabanci Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya inda ya jagoranci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ko bayan da idonsa ya tafi, gidansa bai rabu da baƙi ba, 'yan siyasa da 'yan jarida da ɗalibai suna zuwa jin ta bakinsa, har ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli 2017. Janar Sani Abacha, wanda ya shugabanci ƙasa daga Nuwamba 1993, a Nassarawa gidansa yake, kuma a nan aka binne shi ranar da ya rasu, 8 ga Yuni 1998. Ta ɓangaren malamai akwai marigayi Shaikh Aminuddeen Abubakar, wanda masallacinsa da makarantunsa na Da'awa suke titin Sulaiman Crescent.

Mutane suna yawan haɗa Nassarawa da Bompai idan ana lissafin gidajen manya. Miller Road da Munduɓawa, waɗanda a siyasar Kano suka zama kamar sunayen Kwankwaso da Shekarau, ɓangaren Bompai suke. Akwai kuma manyan attajirai da malamai da suka yi zamansu a wasu unguwanni: Malam Aminu Kano a Gwammaja ya zauna, Alhaji Aminu Ɗantata a Ƙoƙi, Khalifa Isyaku Rabi'u a Goron Dutse.

Yaya batun asibiti?

Nan unguwar ta yi sa'a. Asibitin Nassarawa, wanda a da na Turawa ne lokacin da 'yan ƙasa ke zuwa asibitin cikin gari da yanzu ake kira Murtala, yana tsakiyarta. Sunansa na hukuma asibitin Muhammad Abdullahi Wase, don tunawa da gwamnan soja na Kano da ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Jos a 1996, kuma yanzu ana koyar da ɗaliban likitanci a cikinsa. A Giginyu akwai asibitin ƙwararru na Muhammadu Buhari da aka buɗe a Disamba 2017. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana titin Zariya, tafiyar 'yan mintuna idan hanya ba ta cushe ba. Asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwaje-gwaje kuwa sun yi yawa, galibinsu a gidajen zama da aka sauya.

Makarantu da masallatai fa?

Makarantun kuɗi na nazare da firamare da sakandare suna ko'ina, kuma su ne ke haddasa cunkoson safe da na tashi a ƙananan layuka. Kafin ka sa yaro, ka shiga ka ga filin wasa da banɗaki da idonka, don wasu gida ne na iyali ɗaya aka cusa wa azuzuwa. Makarantar fasaha ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha tana titin Matan Fada. Babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana kan titin Ahmadu Bello, kuma lokacin jarrabawa da wuya ka samu kujera idan ba ka yi sammako ba.

Masallatan Juma'a da aka fi sani su ne Al-Furƙan a titin Alu, inda Dakta Bashir Aliyu Umar yake limanci da karatu, da na Da'awa da aka ambata. A watan azumi mutane daga unguwanni masu nisa suke zuwa tafsiri da tahajjud, motoci su cika gefen titi har su toshe ƙofofin gidaje. Manyan coci-coci sun fi yawa a Sabon Gari da kewayenta.

Ina ake cefane, ina baƙo zai sauka?

Ba a tsara unguwar da kasuwa a cikinta ba. Kayan miya da nama sai kasuwar Tarauni, ko 'Yankaba ga mai son sari, ko Rimi a bakin birni. Waya da kayanta Farm Centre. Manyan kantuna da gidajen abinci da na burodi sun cika titunan Ahmadu Bello da Audu Baƙo da Lamiɗo, da daddare kuma masu tsire da gurasa da balangu suna kafa teburansu a mahaɗar tituna. Otal-otal da aka daɗe da sani sun haɗa da Tahir da Prince.

Filin sukuwa yana nan, ko da yake gine-gine sun ci gefensa. A filin dawakai na wannan yanki ne jiragen sama uku na sojan Ingila, da suka taso daga Masar, suka sauka ranar 1 ga Nuwamba 1925, karo na farko da Kanawa suka ga jirgi a ƙasa. Kano Club da filin wasan golf suna ta ɓangaren Bompai.

Ana samun ruwa da wuta?

Kada sunan GRA ya ruɗe ka. Bututun ruwan gwamnati yana nan tun na da, daga matatun Challawa da Tamburawa ake turowa, amma ba abin dogaro ba ne. Kusan kowane gida da rijiyar burtsatse da tankin sama yake rayuwa, kuma da bazara wasu rijiyoyin suna ja baya.

Wuta ta danganta da layin da gidan yake kai. Tun Afrilu 2024 da aka ƙara kuɗi ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, gida biyu da ke kallon juna suna iya kasancewa a farashi daban. Ka tambayi rukunin gidan, ka tabbatar akwai mita mai kati, ka kuma bincika ko wanda ya tashi ya bar bashi. Masu hali da yawa sun koma sola.

Akwai tsaro? Shiga da fita fa?

Idan aka kwatanta da unguwannin da ke fama da faɗan daba da ƙwacen waya, Nassarawa da sauƙi. Sai dai kusanci da hukuma yana da nasa nauyin. Harin 20 ga Janairu 2012 ya shafi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da ofishin jami'an tsaron farin kaya na Giginyu da ofishin fasfo na Farm Centre, duk a kewayen unguwar, kuma shekaru aka yi ana fama da shingaye a tituna bayan haka. Duk zanga-zangar da ta tashi a Kano Gidan Gwamnati take nufa, kamar ta 1 ga Agusta 2024 da ta rikiɗe ta zama fashe-fashe. Layukan ciki kuma, saboda shirunsu da dogayen katangu, ba wurin tafiya a ƙasa kai kaɗai ba ne da tsakar dare.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairu 2013, A Daidaita Sahu ce abin hawan wanda ba shi da mota. A manyan tituna ba ta wuya, amma shiga lungu sai ka ɗauki shata.

Da gaske ne maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba?

Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya taso a Yakasai ko Mandawari, inda zaure a buɗe yake, yara suna cin abinci a kowane gida, dattawa suna shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, zai ji kewa a nan. Katanga doguwa ce, da waya mai ƙaya a kanta, sallama kuma da maigadi ake fara yin ta. Masallacin layi ne kaɗai wurin da maƙwabta ke ganin fuskar juna, shi ya sa sabon zuwa ya kamata ya lazimce shi. Iyalai da yawa ma ba su yanke cibiya da cikin gari ba. Ɗaurin aure da zaman makoki a "gidanmu na cikin gari" ake yi, Nassarawa wurin kwana ce.

Amma akwai wata rayuwar a bakin get. Da sassafe za ka ga direbobi da masu aikin gida da masu wanki da guga suna shigowa daga Giginyu da Badawa da Kawo da Hotoro, wasu a keke wasu a ƙasa. Mai shayi ya kafa tebur a gindin darbejiya, masu gadin gidaje huɗu ko biyar sun haɗu a benci ɗaya da rediyo. A ƙofar ɗan siyasa kuwa, tun kafin rana ta yi zafi mutane sun yi layi a jikin katanga, wani da takardar asibiti a hannu, wani da fayil ɗin neman aiki, suna jiran mota ta fito. Waɗannan mutanen su ne suka san kowa a layin, kuma ba don su ba da unguwar ba ta kwana ɗaya tana aiki. Wanda ya raina gaisuwarsu ya yi wa kansa.

Me ya sa tsofaffin mazauna ke cewa unguwar ta lalace?

Saboda yanka filaye. Gidan Bature ɗaya yana zaune ne a fili mai girman da za a yi gidaje shida ko takwas na zamani. Da mai gida ya rasu, magada suka zo rabo, ko gwamnati ta sayar, sai a rushe tsohon ginin a yanka filin gunduwa-gunduwa. Abin da ake fara sarewa shi ne itatuwa, maɗacin da ya shekara 80 yana ba da inuwa a kayar da shi cikin yini guda, a shafe ƙasa da siminti daga bango zuwa bango. Ruwan sama ya rasa inda zai nutse sai ya kwanta a titi, zafi ya ƙaru, rijiyoyin burtsatse kuma kowa ya haƙa tasa a ɗan taƙin wuri.

Na biyu shi ne mayar da gidajen zama wuraren kasuwanci: bankuna, shaguna, makarantu, ɗakunan biki, gidajen mai. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke da alhakin ba da izinin gini da na sauya amfanin fili, kuma dokokin suna nan a rubuce. Ba wanda zai ce unguwa a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane ta zauna yadda take a 1950, da gida ɗaya a eka guda alhali jama'a na neman wurin sa haƙarƙari. Amma ana iya ƙara gidaje ba tare da an kashe itatuwan bakin titi ba, ana iya tsayar da kasuwanci a manyan hanyoyi a bar layukan ciki, ana kuma iya zaɓar wasu daga cikin tsofaffin gine-ginen a hana taɓa su yadda aka yi wa Gidan Ɗan Hausa. Inuwar Nassarawa ba ta masu gidajen kaɗai ba ce, duk mai wucewa a ƙasa ko a keke yana cin moriyarta, kuma Kano ba ta da wani wuri mai yawan manyan itatuwa irin wannan da za ta yi asararsa.

Ina son saye ko kama haya. Me zan duba?

Mai saye ya fara da takarda. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, abin da kake saye haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Ka ɗauki lauya ya je ma'aikatar ƙasa da hukumar adana bayanan filaye ta jiha, KANGIS, ya binciki fayil ɗin: sunan wa ke kai, shekara nawa suka rage, ana bin kuɗin ƙasa, an jinginar da shi a banki? Idan yankakken fili ne, ka tabbatar hukuma ta amince da yankan kuma ɓangarenka zai samu takardarsa daban. Idan na gado ne, ka ga shaidar rabo daga kotu da sa hannun duk magada, kada ka tsaya ga maganar babban wa shi kaɗai. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi ciniki.

Mai haya kuma ya je ya ga gidan sau biyu, da rana da kuma daddare, musamman daren Juma'a ko Asabar, don a lokacin ne za ka san ko akwai ɗakin biki ko babban janareta a bayan katangarka. Idan damina ce, ka je bayan an ɗauke ruwa ka ga yadda layin yake. Ka duba abin da aka faɗa a sama game da ruwa da wuta, ka tambayi wa ke biyan maigadi da kwasar shara da gyaran famfon rijiya idan gidan na haɗaka ne, a rubuta shi cikin yarjejeniya. Kuɗin haya yana bambanta sosai tsakanin tsakiyar tsohuwar GRA da gefunanta na wajen Giginyu da Badawa, kuma dillalai duk "Nassarawa GRA" suke kiransu, don haka ka nemi sunan layin kafin ka biya kuɗin ganin gida.